Shekarar da Mushe Yohanna Ya Yi Shiru

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Mushe Yohanna (Mushe laƙabi ne daga Faransanci, kamar a ce Malam). Ya cika wata Talata cikin watan Afrilu, da hantsi, a ɗakin da yake haya a unguwar Maourey, cikin Yamai. Mu uku ne a wurin: ni, da Hajiya Gambi mai gidan, da wani ma'aikacin gidan likita da ya zo yi masa allura ya tarar lokacinta ya wuce. Dukanmu Musulmi ne, shi kuwa Kirista.

Waɗanda suka saurari rediyo a farkon 'yancin kai za su tuna muryarsa, ko da sun manta sunan. Shi ke karanta labarun Hausa na maraice. Bagobiri ne daga wani ƙauye kusa da Tsibiri, ya yi lakwal, wato makarantar boko, ta mishan, ya zo Yamai da Hausar da ba a gyara mata zama. A hannunsa na koyi aiki. Shi ya koya mini cewa jimlar da ba za a iya faɗa da numfashi ɗaya ba, ba ta da wurin zama a gaban mikro. Mutum ne mai kaifin harshe, ba ya barin magana ta wuce shi. A wurin ibadarsu ma haka yake. 'Yan Kiristocin da ke sujada da Hausa a lokacin sukan taru ran Lahadi a unguwar Kalley, a gidan wani akawu ɗan Dahome, kuma Mushe ne mai karatu, shi ne mai ɗaga waƙa, shi ne mai gyara wa kowa lafazi.

Shekara uku bayan 'yancin kai tarin fuka ya kama shi, ya sauka a maƙogwaro. Lokotoro, wato likita, ya yanke masa sharuɗɗa biyu: ya kaɗaita a ɗakinsa, da kwanonsa da kofinsa daban, kuma kada ya yi magana, ko raɗa, har sanyi ya shigo. In ya kiyaye, mai yiwuwa muryar ta dawo. In ya karya, ya yi sallama da mikro.

Hajiya Gambi Bazabarma ce, haifaffar Yamai, tana sayar da kayan miya a kasuwar Katako. Tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa, ita kuwa ta sha wuya a bakin Mushe shekara da shekaru. Ranar da na kawo shi gida daga wurin lokotoro ta tsaya a ƙofar ɗakin ta riƙe ƙugu.

"Kai, Allah mai iko. Yau ga Bagobiri an ɗaure masa baki. Bawana, in ka isa ka tanka."

Ya ɗaga yatsa yana nuna ta, idanunsa sun kaɗa don dariyar da ba shi da izinin yi.

Watannin farko ba su yi kyau ba. Nakan biya bayan aiki in zauna a tabarma a waje, shi yana ciki, ƙofa a buɗe, da allon 'yan lakwal da alli a hannunsa. Abin da yake rubutawa ƙorafi ne kawai. 'Yan'uwansa na sujada sun zo Lahadi biyu ko uku, suka tsaya a zaure suka yi masa waƙa, daga nan tsoron tarin ya rage ƙafa. Ban ga laifinsu sosai ba, suna da 'ya'ya. Wata rana ya rubuta mini cewa bai san yadda ake addu'a da baki a rufe ba. Tun yana yaro duk abin da ya sani na addininsa da murya ya san shi, kuma da aka ɗauke muryar ya leƙa ciki ya ga abin da ya saura kaɗan ne.

Ba ni da masaniyar ranar da abin ya juya. Na dai lura ya daina tambayata labarin biro, wato ofishinmu na rediyo. Akwai ƙaramin masallaci a bayan gidan, ladanin tsoho ne, muryarsa ba ta wuce gida huɗu ko biyar. Mushe ya mai da kiran sallar nan agogonsa. Da asuba ya wanke hannu da fuska, kamar yadda lokotoro ya umarta, ya karanta Zabura ɗaya da ido kaɗai. Wannan ya fi komai yi masa wuya, don leɓunansa sun saba motsi. Da azahar ya karanta Linjila, 'yan layuka, ya tsaya a kansu. Da la'asar ya durƙusa ya bi mutanen da ya sani ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa yana yi musu addu'a, har da waɗanda suka daina zuwa. Da magariba ya buga waƙoƙin sujada da yatsa a kan gwiwa, baiti bayan baiti, ba sauti. Tsakanin waɗannan yana share ɗakinsa, yana wanke kwanonsa da kansa. Abin da rayuwarsa ta zama ke nan, kuma na ga mutumin yana sauyawa a cikinta. Allon ya daina cika da ƙorafi. Wani lokaci in zauna awa guda bai rubuta komai ba, kuma zaman bai yi nauyi ba.

Maƙwabta suna da ido. Sun ga mutum yana wanke hannu da fuska duk sa'ad da aka kira salla, ya shige ɗaki ya durƙusa. Labari ya fita cewa mai karanta labarun nan ya musulunta. A zauren gidan aka yi murna. A Kalley aka yi jimami.

Bayan damina Baba Iliya ya zo. Shi ne dattijon taron, kafinta ne a Katako, mutumin kirki mai taurin kai, wanda danginsa suka yashe shi saboda addininsa tun yana saurayi. Na faɗi wannan don a san daga inda tsoronsa ya fito. Ya zo da mutum biyu, suka tsaya a tsakar gida. Ina nan zaune.

"Yohanna, an ce ka bar mu. Ban zo da faɗa ba. Faɗa mini da bakinka wanda kake bi."

Mushe ya rubuta a allo cewa yana nan inda yake. Baba Iliya ya karanta, ya girgiza kai. Ya ce alli ana goge shi, shaida kuwa da baki ake yin ta, gaban jama'a, haka aka karɓe su dukansu.

Hajiya Gambi ta ajiye taɓarya ta matso.

"Malam, wannan? Wallahi bai musulunta ba. Ni da kaina na kai masa tasbaha, ya maido mini a cikin kwanon tuwo. Bagobiri ne fa, ko jaki ya fi shi jin magana."

"Hajiya, na gode. Amma wannan magana ta cikin gida ce, shaidar na waje ba ta shiga."

Baba Iliya ya jira. Na ga maƙogwaron Mushe yana motsi, na ɗauka zai yi magana. Bai yi ba. Baba Iliya ya ce to, an dakatar da shi daga jibin Ubangiji, wato gurasar da suke ci tare a sujada, har ranar da zai zo ya faɗa da bakinsa. Suka fita.

Daga baya, da muryar ta dawo, na tambaye shi abin da ya hana shi furta jimla ɗaya tak, wadda da ƙyar za ta kashe maƙogwaro. Ya ce, "Ka san bakina. Da na buɗe shi ran nan, ba shaida zan yi ba, wanke tsohon nan zan yi tas a gaban mutane. Na ji maganar ta taho har nan. Shi ya sa na haɗiye."

Lokotoro ya sake shi cikin sanyi, a farkon sabuwar shekara. Lahadin farko ya sa farar riga, na ɗauke shi a bayan kekena zuwa Kalley. Muka tarar da ƙofa da kwaɗo. A makonnin nan ne aka sallami ma'aikata 'yan Dahome daga ƙasar, akawun nan mai gidan yana cikinsu. Taron ya watse. Baba Iliya ya koma wajen Maradi, in ji mai shagon kusa. Mushe ya daɗe yana duban ƙofar. Sa'an nan ya gyara tsayuwa kamar yadda yake yi a gaban mikro, ya faɗi abin da Kirista ke faɗa game da Yesu Almasihu, daga farko har ƙarshe, da murya mai kaushi wadda ban gane ba. Ni kaɗai ne a wurin, da wata akuya.

Muryar ba ta koma ta rediyo ba. Aka mai da shi teburin fassara, yana juya labarai daga Faransanci, ni ina karantawa. Akwai majami'u masu sujada da Faransanci, yakan je ya zauna a baya, amma bai ƙara karɓar gurasar ba. Ya ce waɗanda suka dakatar da shi su ne za su maido shi. Lokutansa na addu'a kuwa bai bar ko ɗaya ba. Bayan shekara biyu ciwon ya dawo ta huhu. Wasu Kiristoci 'yan Togo da na nemo suka binne shi, da addu'a cikin Faransanci.

Yau Yamai ta cika da amsa-kuwwa. Masallacin bayan gidan yana da tasa, majami'un da ke sujada da Hausa sun yawaita, su ma suna da nasu. Ina jin da Mushe na nan zai yi murna da yawan, ya kuma gyara wa masu wa'azi tsawon jimla. Amma ina zaton zai tambaye su abin da ya tambayi kansa a ɗakin nan: in aka ɗauke musu muryar, me zai saura? Shi ya sami amsarsa. Abin da ke damuna har yanzu shi ne waɗanda ya fi so su ga amsar ba su gan ta ba. Mu da ba addininmu ɗaya ba mu muka gani, kuma abin da ya saura nasa yana hannunmu: ni da ke ƙoƙarin haɗiye magana in ta taho da zafi, da Hajiya Gambi, wadda har ta rasu ba ta yarda a faɗi mugun abu a kan Kirista a zaurenta ba.

Wata guda bayan jana'izar Baba Iliya ya iso Yamai a motar gyaɗa, ya neme ni a biro. Ya tsufa ƙwarai. Bai zauna ba.

"Ɗana, ya faɗa da bakinsa?"

"Ya faɗa, Baba. A ƙofar gidan Kalley. Ina tsaye."

Bai ce shaidata ba ta shiga ba. Ya roƙe ni in nuna masa kabarin, na kai shi. Washegari ya koma Maradi.