Glenys Camilleri, Wadda Ta Mayar da Gonarta Ƙarshen Layi

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, ina cikin lambu ina fama da injin ban-ruwa, matata Lidia ta leƙo ta taga ta ce in shigo, Paul Camilleri yana kan waya. Tun daga yadda ya kira sunana na san abin da zai faɗa. Mahaifiyarsa, Glenys Camilleri, tsohuwar magajiyar garin Tarrabin, ta rasu da safiyar ranar bayan doguwar jinyar ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da takwas. Wanda Ya ba mu aronta Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa.

Glenys, ni ne Rino Pavan, wanda kika ƙare rayuwarki kina kira ɗan Italiyan nan mai surutu. Na riƙe Port Ellery a shekarun da kike riƙe da Tarrabin, garuruwa biyu na manoman rake a arewacin Queensland waɗanda ba sa ga maciji da juna, musamman ranar wasan zari-ruga. Ba da abota muka fara ba. Mun yi faɗa a kan iyaka, mun yi a kan juji, har a kan wanda zai yanke ciyawar bakin titin da ya raba mu. Amma shekarar da guguwar teku ta kwashe rufin rabin garina, kafin a gyara wayoyin tarho sai ga motocin Tarrabin ɗauke da tamfol da zartuna, ke kina gaba da takalmin roba, kin rungumo gwangwanin pastizzi, wani ɗan burodi mai cuku a ciki, da kika toya da hannunki. Na buɗe baki zan yi godiya kika tare ni: "Kada ka fara, Rino. So nake ku miƙe da wuri, babu daɗi mu lallasa ku a filin wasa kuna kwance."

Abin da nake so jikokinki su sani ya faru ne a shekarar da tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe. Farashin sukari ya faɗi warwas, mahaƙar kwal ta sallami ma'aikata, shaguna suka riƙa rufewa a babban titi. Mutane suka kasa biyan harajin gida da na gona, mu kuma ƙananan hukumomi da shi muke numfashi. Kowane gari da inda yake masa ciwo. Mu bututun ruwanmu ne suka yi tsatsa, famfo yana zubar da jan ruwa. Ku kuma tsohuwar gadar katako ce a kan kogin Murrabi. Injiniyoyi suka hana manyan motoci hawanta. Motar 'yan makaranta ma sai ta tsaya a bakinta, yara su sauka su taka da ƙafa, ita kuma ta biyo su babu kowa a ciki. A ƙetaren kogin akwai gonakin rake waɗanda ba su da wata hanya zuwa kamfanin sukari sai wannan gada, kuma a irin wannan shekara duk wanda rakensa ya kwana a gona ya yi sallama da gonar. Ɗaya daga cikinsu taki ce, wadda mahaifinki Salvu ya sare daji ya kafa bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana yankan raken wasu.

Ke kika bi mu a waya, mu magadan garuruwan arewa, kika ce kowa ya daina zuwa roƙo shi kaɗai, mu tafi Canberra tare mu nemi gwamnatin tarayya ta ware wa ƙananan hukumomi tallafi guda. Muka isa a watan Yuni, lokacin hunturun can, cikin sanyin da ba mu saba da shi ba. Ni da ban taɓa mallakar babbar kwat ba, na ari ta surukina, mai warin maganin asu, hannuwanta sun rufe min yatsu. Aka riƙa miƙa mu daga ofis zuwa ofis. Mun sha shayi da biskit har mun ƙoshi, mun ga murmushi iri-iri, amma babu wanda ya ce mana e ko a'a.

Ina tsaye kusa da ke lokacin da wani matashi daga ofishin minista ya ja ki gefe. Kowa ya san mazaɓarku ce ake kankankan a cikinta, kuma labarin gadarki ne 'yan jarida suke bi, ba namu ba. Ya ce, "Magajiya, minista ya ga hoton gadar nan. Sojoji za su iya kafa miki ta ƙarfe kafin girbi ya yi nisa. Abin da ake so kawai ki tsaya gefensa gobe a gaban 'yan jarida, sauran kuma a duba nasu nan gaba."

Kika dube shi kamar yadda kike duban ɗan kwangilar da ya yi ha'inci a kwalta. Kika ce, "Ɗana, mota ɗaya ta kwaso mu daga filin jirgi, ita za ta mayar da mu. Ka ga tsohon can mai kwat ɗin aro? Mutanensa ruwa suke sha mai launin shayin da kuka ba mu. Je ka gaya wa maigidanka, ko duka ko babu."

Da ya tafi na ce miki, "Glen, ki karɓa mana. Babu wanda zai ga laifinki a cikinmu."

Kika ce, "Rufe min baki, Rino. In aka saye ni yau, gobe kai za a taya, kai kuwa ba ka da tsada."

Na yi dariya, amma na san abin da kika ajiye a kan teburin nan. Muka dawo hannu wofi.

Ba a tarbe ki da tafi a gida ba. Labari ya riga ki isowa, kuma mutanen ƙetare sun ji haushi, da gaskiyarsu. Akwai waɗanda kuka tashi tare da suka riƙa kau da kai a ƙofar coci. Ba ki yi musu dogon bayani ba, aiki kika kama. Kika tattara duk wata ƙaramar motar da gadar za ta iya ɗauka, ta hukuma da ta aro, aka riƙa ƙetarar da rake kaɗan-kaɗan. Mu ma Port Ellery muka turo namu da direbobinsu.

Sai maganar layi ta taso. Tun zamanin iyayenmu injin girbi ba ya gama gonar mutum ɗaya a zama ɗaya. Yakan yanki wani kaso a nan, ya wuce gonar gaba, ya zagayo, don in damina ta faɗo asara ta rabu a kan kowa. A wannan shekara kowa ya san da irin tafiyar ƙananan motocin nan lokaci ba zai isa ba. A taron manoman ƙetare kika tashi kika ce a cire gonar Camilleri daga zagayen, a mayar da ita ƙarshe, sai an gama ta kowa. Wani ya ce ba haka ake yi ba. Kika amsa cewa ke kika ƙi gadar, don haka ke za ki jira. Mijinki Vince, Allah Ya jiƙansa, washegari aka gan shi yana tuƙa motar raken maƙwabcinsa.

Duk wannan bai sa kin saki Canberra ba. Kika dame su da waya, kika hana mu watsewa, har ministan ya yarda ya zo ya gani da idonsa. Ranar da ya iso kika sallami motar alfarmar da aka tanada, kika sa shi a motar 'yan makaranta. A bakin gada direba Dot Hanrahan ta ja birki ta ce, "Kowa ƙasa," kamar yadda take faɗa kullum. Mutanensa suka so ya yi zamansa. Kika ce, "Minista, katakon nan bai san muƙami ba." Ya sauka ya taka cikin yara, yana hango ruwa ta tsakanin katako, ga kada kwance a kan yashi yana shan hantsi. Da ya kai ƙetare bai nemi 'yan jarida ba, ya dai tambaye ki gari nawa ne ke cikin tafiyarmu. Ba zan ce tattakin nan ne kaɗai ya yi aiki ba, domin zaɓe ma yana matsowa. Amma bayan sabuwar shekara aka sanar da tallafin, kuma babu garin da aka bari a baya.

Sai dai damina ta riga shi isowa. Ruwa ya sauko da wuri a shekarar, lokacin da aka kusa gama raken maƙwabtanki, naki kuwa ko kara ɗaya ba a yanka ba. Ya kwanta cikin laka ya ruɓe. Ana tsakiyar zuba ginshiƙan sabuwar gada kuka sayar da gonar.

Na zo taya ku kwashe kaya ranar tashi. Bakina bai iya shiru ba, kin sani. Na ce, "Glen, da kin karɓa a Canberra, da yanzu kina nan."

Kika ce, "Ruwanku ya yi fari?"

Na ce ya yi.

"To ɗauki akwatin can, ka daina tsaya min kamar turken lantarki."

Daga nan kika zagaya bayan rumfar da mahaifinki yake ajiye addunansa, kika daɗe ba ki fito ba. Na ji kukanki, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Na faɗa ne don kada wani ya zaci abin bai yi miki ciwo ba. Ya yi miki, kin kuma san zai yi tun kafin ki buɗe baki a Canberra. A tsawon rayuwata ban taɓa alfahari da sanin wani mutum kamar yadda nake alfahari da saninki ba. Gonakin ƙetaren Murrabi suna hannun iyalan da suka kafa su har yau, in ban da guda ɗaya.

Allah Ya jiƙan ki, Glenys. Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yi miki rahama, Ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba, Ya sada ki da Vince cikin salama. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Lidia da ta mutanen Port Ellery baki ɗaya ga 'ya'yanki Paul da Maree da 'ya'yansu, da ƙanwarki Carmen, da dukan jama'ar Tarrabin. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Mahaifiyarku ba ta bar muku gona ba, amma babu ƙofar da za ku ƙwanƙwasa a arewacin nan ku ce ku 'ya'yan Glenys ne a bar ku a tsaye. Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.