Kukan Dodo Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa

Mun tashi daga Funtuwa ana idar da sallar asuba, ni da Mamman direba, a tsohuwar Landirobar Alhaji Nadabo mai majigi. A baya mun ɗaure injin, da janareto, da farin ƙyalle, da gwangwanaye uku na wani fim ɗin dodo da Alhaji ya sayo da araha a Kano. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo, duk wanda ya sami abin hannu sai ya nemi sana'ar da ba gumi. Aikina fassara: Turawa su yi magana a ƙyalle, ni in juya wa jama'a da Hausa ta lasifika.

Na riga na gaya wa Alhaji wannan ce tafiyata ta ƙarshe. Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Sabuwa. Ciwon ƙirji ya fara cin ƙarfinsa, ya aiko in koma gida in karɓe shi, don tun ina yaro yake cewa muryarsa Allah ya ba ni. Bai taɓa son aikin majigin nan ba, bai kuma taɓa ganina ina yi ba. Burina in isa gida bai gani ba.

Ƙanƙara

Bayan Bakori ’yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa gwangwanayen. Ɗaya ya tambaya ko na Indiya ne. Da muka ce na dodo ne sai ya ja tsaki ya ɗaga mana hannu. Muka isa Ƙanƙara da hantsi, ranar kasuwa, zafin bazara kamar a soya gyaɗa. Muka kewaye fili da zana, muka ci tuwon dawa a gidan wani dillalin hatsi, aka sa sule ɗaya kuɗin shiga.

Fim ɗin, Allah na tuba, ba abin a nuna wa mai hankali ba ne. Wani dodo ne ke fitowa daga tafki yana rushe gari. Da ya fara ɗago kai, mata biyu suka yi salati. Da ya fito gaba ɗaya, fili ya ɗauki dariya.

"Wanga ai mutum ne cikin buhu!" in ji wani mahauci. "Ku dubi gwiwatai, irin ta Ɗanjuma mai awo!"

Wani tsohon maharbi kuwa haushi ya ji. Ya same ni ana naɗe ƙyalle ya ce, "Yaro, mi ya hana su bi sawu? Ga bindiga ga kowa, ba mai duban ƙasa. Kuma dabba mai wanga girma, ban ga inda ta yi kashi ba." Na ce ban sani ba, Baba, ba ni na yi ba. Ya ce to in gaya wa masu shi.

Faskari

Washegari muka bi ta ’Yargoje, inda taya ta yi faci muka sha fura a gindin tsamiya, muka faɗa Sheme, muka isa Faskari bayan la'asar. Nan abin ya lalace. Ana cikin gwangwani na farko wani ƙaramin ƙwan lantarki a cikin injin ya ƙone, hoto na tafiya amma ba sauti. Dodo na wage baki, shiru. Jama'a suka fara jifan zana.

"Sani, yi wani abu!" in ji Mamman. "Za su ƙona mamu mota!"

Tsoro ya sa na kafa baki a lasifika na yi gurnani. Fili ya yi tsit. Wata Baturiya a ƙyalle ta faɗi tana wage baki, na ƙanƙance murya na tsala ihu, "Wayyo Allah na, ya cinye ni!" Na yi kukan jariri, na yi haushin kare, na yi ƙarar bindiga da leɓe. Mutanen da suka so dukanmu suka riƙe ciki suna birgima. Da aka tashi wata tsohuwa mai ƙosai ta ce dodon dai na banza ne, ko akuyarta ba zai kora ba, amma mai kukan ya cancanci sule. Wani kuma ya ce shi tunda yake bai taɓa jin namiji ya iya kukan mata haka ba. Na yi dariya tare da su, don a Faskari ba wanda ya san ɗan wane ne ni.

Funtuwa

Hanyar Sabuwa ta Funtuwa take bi, saboda haka muka wuce Mairuwa da sassafe muka tsaya shagon Alhaji. Kafin in buɗe baki Mamman ya kwashe labari ya ba shi. Na ce, "Alhaji, a sayi ƙwan nan, ko a bar Sabuwa. Garinmu ne."

"Ƙwan sai Kano," ya ce, yana ɓare goro. "Kuma ga shi Allah ya ba mu na banza a wuyanka. An riga an yi shela a Sabuwa. Dare ɗaya ne, Sani, ka yi mani wannan mu rabu lafiya."

Shekara uku ina cin tuwon gidansa. Na kasa ce masa a'a, har yau kuwa ina jin haushin kaina da nasa.

Sabuwa

Daga Dandume hanya ta zama ramuka, muka isa ana kiran magariba. Muryar Baba ce, tana yankewa a tsakiya, sai ya yi tari ya ɗora. Ban je gida ba. Na ce in gama wannan ƙazantar tukuna, in shiga da tsarkina. Na sa Mamman ya ajiye mini kujera a bayan mota inda ba mai ganina.

Ashe wauta na yi. Garin da aka haife ka ba a ɓoye musu murya. Gurnanin farko, wani ya ɗaga murya daga cikin taro: "Kai! Wanga ai Sani ne na Baba Ladan!" Shi ke nan, aka bar kallon ƙyalle. Duk ihun da Baturiya za ta yi sai su amsa, "Sannu Sani! Tashi ki gudu, Sani!" Lasifikar nan kuwa har bayan gari ake jinta, balle gidanmu da ke bayan kasuwa. Na so in yi shiru, Mamman ya nuna mini taron da duwatsun da ke ƙasa. Na ƙarasa, hawaye na zuba, ina kukan dodo.

Ra'ayin mutanen Sabuwa bai bambanta da na sauran ba: fim ɗin shirme ne, ɗan ladan ne kallo.

Na kwana a zauren gidanmu. Da asuba na ji Baba ya fito yana tari, na tashi na karɓi butarsa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi Alhaji. Muka taka tare zuwa masallaci. A bakin matakalar da yake hawa ya yi kira, na tuɓe takalmi na sa ƙafa. Sai ya riƙe mini hannun riga.

"Bari, Sani."

"Baba, ai don wannan na zo."

"Na sani. Na ji ka jiya, muryar na nan, har ta hi tawa." Ya yi tari mai tsawo. "Amma in ka ce Allahu Akbar yanzu, akwai wanda zai yi dariya bisa shimfiɗatai. Ban iya ɗaukar wanga alhaki, kai ma ba ka iyawa."

Ya hau da kansa, yana dafa bango. Na tsaya a ƙasa riƙe da buta ina jin kiran yana yankewa. Bayan sati biyu ya ba wani ɗan maƙwabcinmu ladancin, mai murya kamar ta zakaran da mura ta kama, shi ne ladan har yau.

Mamman ya juya Funtuwa da dodonsa washegarin majigin, ni na zauna na kama noma. Na gode wa Allah da ya kawo ni gida lafiya. Na gode wa dillalin Ƙanƙara da tuwonsa, da tsohuwar Faskari da ta ba ni ƙosai kyauta. Alhaji Nadabo kuwa, na ji an ce ya sayi ƙwan a makon da na bar shi.