'Yar Falmaran ɗin Yaya Garba

Duk wanda ya san yayana, Malam Garba dillalin yadi a kasuwar Kwari, ya san ba ya hawa keke sai ya lashi ɗan yatsa ya ɗaga sama. Wai iska yake aunawa. In ya ji sanyi-sanyi a yatsan, sai ya laluba aljihu ya zaro 'yar falmaran ɗin nan tasa ta leda, ruwan ɗorawa mai ƙyalli, ya ɗora a kan kaftani ya ja zif har wuya. In bai ji ba, ta koma aljihu a dunƙule kamar curin fura. Ku da kuka sha dariyarta a Fagge ba duka kuka san asalinta ba, to yau zan tona.

Shekara arba'in Yaya yana kai wa telolin Sabon Gari samfurin yadi a kan keke ɗaya tal. Wata damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi sati uku. Da za a sallame shi, likita ya ce kada ya sake sanyi ya bugi ƙirjin nan. Babbar 'yarsa Binta, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsu, ba ta yi wata-wata ba ta sayo sarƙa da kwaɗo ta ɗaure keken a zaure. Kwana biyar Yaya yana zaune gaban keken nan, ko tuwon kirki ba ya ci. Ni na shiga tsakani, aka yi sharaɗi a gabana: za a kwance keke, amma daga ranar da aka ji ya yi tari ko sau ɗaya, keke ya tafi kasuwa.

Washegari Yaya ya ja ni wurin 'yan gwanjo a Sabon Gari, shagon Madam Ngozi, wadda Hausa a bakinta ta fi tawa. Ta fito masa da rigunan sanyi masu kauri, ya ture su gefe. Can ƙasan dila ya tsinto wannan abar, shara-shara, iska ma sai ta ɗauke ta.

Madam ta ce, "Baba, wannan ta masu tseren keke ce. Ba ta da hannu fa!"

Ya ce, "Likita ƙirji ya ce. Kin ji ya ambaci hannu?"

"To ai bayanta ma raga ce."

"Ke kin taɓa ganin mai keken da iska ke bugu ta baya? Naɗe min."

Ni dai na ce asarar kuɗi ce. Shi kuwa ya yi min karatu tun daga kasuwa har gida: rigar sanyi mai kauri sai ka jiƙe da gumi kafin ka kai kasuwar Singa, gumin ya huce a jikinka, shi ne ciwon. Damina kuma ba ta da alkawari, safe sanyi, hantsi zafi, la'asar hadari. Saboda haka mai hankali rigar da ke shiga aljihu yake nema.

To shigar aljihun nan ita ta zame mana jarrabawa. Wata Asabar muka tafi ɗaurin auren ɗan Alhaji Rasaki, abokinsa Bayarabe, shi a keke, ni ina binsa a hankali a babur. Gajimare ya rufe rana, ya tsaya ya saka. Rana ta fito, ya tsaya ya cire. Muka shiga inuwar dogon bene, ya saka. Wallahi sau bakwai na ƙirga! Muna isa ana shafa fatiha. Alhaji Rasaki ya ce, "Haba Malam Garba, kai ne fa shaida!" Yaya ko a jikinsa, ya ce, "An ɗaura dai ko? To alhamdulillahi, ni ma ƙirjina lafiya lau. Ina goro?"

Akwai kuma ranar da ya tsaya kusa da tashar jirgin ƙasa, ya zura falmaran, ya ɗaga yatsa yana auna iskarsa. Wani mai adaidaita sahu da ya yi lodin wuce ƙa'ida ya hango riga mai ƙyalli da hannu a sama, sai ya ɗauka jami'in kula da hanya ne, ya taka birki, ya diro.

"Yallaɓai a yi haƙuri, wallahi yau ne farko!"

Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya leƙa fasinjoji, ya gyara murya ya ce, "Mutum shida a baya? Ka ji tsoron Allah. Je ka, kar in ƙara gani." Da ya dawo gida har da cewa, "Ka ce asara ce. Shekara arba'in ina bin titin nan, yau aka fara ce min yallaɓai."

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce wata Laraba da la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas ba sallama, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, Yaya yana hanya. Binta ta kafa kujera a zaure tana jira. Sai ga shi ya shigo, hula ta lanƙwashe, hannayen kaftani suna ɗiga. Kafin ta buɗe baki ya zuge zif ya turo ƙirji gaba.

"Taɓa! Taɓa ki ji!"

Ta taɓa. Ƙirji a bushe ƙayau, har da ɗumi. Ta janye hannunta. Sai na lura Yaya ya manna bayansa da bango, yana tafiya gefe-gefe kamar ƙaguwa, yana yi mata murmushi, har ya faɗa ɗakina da ke bakin zaure. Ragar nan ta baya ta shigar da ruwan duniya, tun daga wuya har ƙugu sharkaf.

Na ce, "Yaya, ina wanda iska ba ta bugu ta baya?"

Ya ce, "Iska na ce, ban ce ruwa ba. Rufe ƙofa."

Kwana biyu sai tari ya taso. Yaya ya riƙa haɗiye shi, idanu jajir, sai ya ci ƙarfinsa ya ruga ɗakina ya tusa fuska a matashi ya yi mai isarsa. Sannan ya fito yana ɗaga murya yadda Binta za ta ji: "Kai Iliya, wannan tari naka ya yi yawa! Ka nemi magani mana!" Haka na sha citta da kanumfari da zuma kwana goma, ni da lafiyata garau. Binta ta kawo kofi ta ce, "Baffa, sannu da jiki," shi kuma ya zauna kusa da ni yana cewa bari ya ɗanɗana min, ya shanye fiye da rabi.

Damina huɗu ya ƙara a kan keken nan. Ba ƙirjin ne ya ɗauke shi ba, zazzaɓin kwana biyu ne, lokaci ya yi.

Ranar sadakar uku, mutane sun ragu, na ga ya kamata in sauke nauyi. Na ce, "Binta, tarin nan na shekarun baya, ba nawa ba ne."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Haba Baffa, ni ce ban san tarin ubana ba? Kai ka taɓa ganin an dafa wa mutum ɗaya citta cike da tukunya? Na ga fuskarsa kwana biyar ɗin da na ɗaure keken. Tun ranar na san ba zan iya sayarwa ba."

Ni ina ganin mun yi mata wayo, ashe ita ke jinyarsa ta bakina.

Allah Ya jiƙan Yaya Garba, Ya yafe masa 'yan dabarunsa, Ya sa ya huta. Binta kuma, Allah Ya ba ki masu jin ƙanki yadda kika ji ƙansa. Amin.