Yadda Na Kori Matar da Kamfanina Ya Dogara da Ita

A lokacin da wannan abu ya faru, ni tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. A makarantar mishan na yi karatu, inda aka horar da mu cewa wanda ya makara da minti ɗaya ya makara, kuma wanda bai iya rubuta takardar neman aiki ba bai cancanci aikin ba. Da wannan aƙida na ɗauki kuɗin sallamata na kafa ƙaramin kamfanin sarrafa nono a Tambuwal, na sayi firji mai aiki da hasken rana, na rataya ƙararrawa a bakin ƙofa.

Wadda ta tsayar da kamfanin da ƙafafunsa wata bazawara ce mutuniyar Fakku, wadda ta tsufa a tallan nono. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma babu rugar da ba ta sani ba a ƙasar Kebbe. Ita ke zagayawa ta karɓo madara daga hannun matan Fulani, wani lokaci ta iso da hantsi. Kullum ina yi mata faɗan makara, kullum takan yi dariya ta ce mini, Malam, saniya ba ta san ƙararrawa ba.

Da wasu masu zuba jari suka aiko cewa za su zo su ga aikinmu, sai kunya ta kama ni. Na ga bai dace in gabatar musu da jahila a matsayin babbar ma'aikaciyata ba. Na shirya jarrabawa, na ɗauki mai digiri wanda rubutunsa ya burge ni, ita kuwa na sallame ta da godiya ta fatar baki. Bisa umarnina sabon ma'aikacin ya tara mazan rugage suka dangwala hannu a yarjejeniya, muka kuma kafa doka cewa madarar da ta wuce ƙarfe takwas ba za a karɓa ba. Abin da ban sani ba, domin ban taɓa tambaya ba, shi ne cewa da zarar madara ta shiga ƙwarya ta zama ta mace. Mun ƙulla ciniki da waɗanda ba su da kayan, mun tsallake masu shi.

Babu wadda ta yi mana gardama. Madara dai ta riƙa raguwa har firjin ya koma sanyaya iska. Saura kwana uku baƙin su iso, na hau babur ɗin haya zuwa Fakku cikin damina, muka faɗi sau biyu a laka, na isa ƙofarta rigata ba ta ganuwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, sannan ta tambaye ni cikin zolaya ko mai digirin bai karanta wa shanun yarjejeniyar ba ne. Ni da ban taɓa ba wani na ƙasa da ni haƙuri ba, na durƙusa a gabanta. Na ce mata duk abin da na tara a rayuwata yana cikin kamfanin nan, in ya rushe ba ni da sauran ƙarfin sake ginawa. Ta ruɗe, ta ce in tashi don Allah kada in ja mata abin magana a gari. Ta ce ita ta yafe, amma madarar ba tata ba ce.

Duk da haka ta raka ni rugage uku. Matan suka gaishe ni da ladabi, suka saurare ni kawunansu a sunkuye, suka ce to, Baba, sai abin da Allah ya yi. Na dawo ina murna, ina zaton sun amince. Ita ce ta faɗa mini a hanya cewa mutanen nan ba sa ce wa dattijo a'a a gaban idonsa, kuma abin da na ji ɗin shi ne a'arsu.

Ranar ziyarar ƙwarya biyu kacal aka kawo. Na fito da takardun shaidar ma'aikatana a jere, babu wanda ya duba. Shugabar tawagar ta tambaye ni abu ɗaya: a cikin ma'aikatan nan, wane ne matan rugage suka sani da sunansa? Babu ko ɗaya. Suka yi mini sallama cikin mutunci, ba su sake waiwayo mu ba. Kafin kaka na rufe kamfanin.

Ina rubuto wannan ne domin matasan da ke kafa sana'o'i a yau. Kafin ka sallami ma'aikaci, ka bi shi yini guda ka ga abin da yake yi wanda idonka bai taɓa gani ba. Kafin ka kafa doka, ka tambayi waɗanda za ta hau kansu. Kada ka gyara kamfaninka domin idon mai zuba jari, domin shi amanar da mutane suka ba ka ya zo saye, ba takardu ba. Ni na gane haka ina da shekarun da ganewa ba ta mayar da komai.