Muciyar Iya da Muryar Mahauci

Ni tun ina yarinya ba ni da haƙurin jira, kuma Iya, kakarmu, ta san haka. A gidanmu na Roni, da an kwashe tuwon dawa bayan magariba sai mu kewaye murhu, ita tana kankare muciya. Dokarta ɗaya ce: mai muciya a hannu shi ke da magana. Takan kai tatsuniya tsakiya ta tsaya, ta miƙa wa ɗayanmu ya ƙarasa. Kullum yayana Sabi'u ke fara miƙo hannu.

"Maigida, sauke hannunka," in ji ta. "Kai ko'ina ana jin ka. Bari ƙawata ta taɓa."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata yarinya mai kiwon awaki, mai 'yar siririyar murya. Dariyar da ake mata ta ishe ta, sai ta tafi kasuwa ta aro muryar da ta fi kowacce kauri. Ashe ta mahauci ce. Da yamma ta kira awakinta, suna ji suka watse cikin gero.

Nan Iya ta ɗora mini muciya a cinya. Na ce, "Iya, ki faɗa kawai mana, ban san ƙarshen ba."

"Ni ma ban sani ba. Awakinki ne."

Cikin haushi na ce yarinyar ta mayar da kayan aro, ta yi kira da tata muryar, suka dawo. Iya ta ce, "To, ta ƙare a bakinki."

Bana aka ɗauke ni gwaji a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, in koyar da insha'i. In zango ya ƙare ba su iya ba, a sallame ni. Sakandare kawai na yi, tsoro ya sa na ari tsawar malamanmu maza, har da bulala. Yaran suka yi tsit. Abin da na rubuta a allo shi suke kwafo mini, har da kuskurena.

Rannan na ajiye bulala na zo da muciya. Suka yi ta dariya. Na fara labari na yanke, na miƙa wa Hassana, wadda ban taɓa jin muryarta ba. Ta juya muciyar, ta sake juyawa.

"Malama, in faɗa yadda muke faɗa a gida?"

"To da muryar wa za ki faɗa?"

Ta faɗa, sannan ta rubuta, shafi guda cur.

Ban sani ba ko za a bar ni. Amma na mayar wa mahauci kayansa, kuma yanzu in na yi kira, ana amsawa.