Irin Tattasan Maama

Shekarar da fari suka cinye dawa, lokacin ƙanena Buba yana rarrafe, ni ce mai hura wa kakata wuta. Maama muke ce mata. Ban yi boko ba, amma abin da ta zuba min a kunne, ba wanda ya karanta shi a littafi.

Bayan magariba takan feɗe jan tattasai, ta kakkaɓe irin cikin toka don kada ƙwari su ci, mu yara kuma mu matso murhu. Tatsuniya ɗaya ce take hana ni fita fitsari. Wata mata ce, yunwa ta bar mata iri tafin hannu ɗaya. Ta shuka a fasasshen tulu, ta rufe da ciyawa. Kullum Dodo ya zo jikin danga yana raɗa mata: ya ruɓe, tona ki gani. Ta daure kwana tara. Ranar goma ta sa yatsa, sai ga fararen saiwoyi duk ta tsinka su.

Nan Maama za ta rage murya. "Dodo ba ya cin iri, 'yar nan. Hannunki yake aro."

Shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka kama Mubi, muka shigo Yola a ƙafa. Abin da na fito da shi ke nan, irin nan ƙulle a bakin zane, wanda tun daga hannun Maama bai taɓa yankewa ba. A unguwar Yolde Pate muka raɓe. Maama takan ce kullum a raba iri biyu, amma tsoro ya sa na shuka duka a tsohuwar roba. In sun shigo gobe, wa zan bar wa rabin?

Kwana goma sha biyu, robar shiru. Kullum ana cewa sun kusa. Aka yi ƙarar bam a Jimeta har kwanuka suka motsa. Maƙwabciyata Maman Rifkatu, malamar makaranta daga Numan, ta leƙa robar ta ce, "Goggo, irin nan ya sha gumin gudu, ya mutu. Tona mu gani."

Matar kirki ce, ita ke ba ni ruwa, amma muryar jikin danga na ji. Wallahi yatsana ya taɓa ƙasar. Na janye, na zauna a kan hannuwana kamar yarinya.

Ranar sha bakwai, guda bakwai suka ɗago kai da hular iri. Biyar suka kai dashe.

Cikin waɗanda suka zauna gaban murhun nan, Buba ya rasu a hanyar gudu, sauran sun rasu tun kafin nan. Saura ni da yayata Adda Dija, wadda ba ta gani yanzu. Na kai mata tattasai ɗaya unguwar Damilu, ta shinshina, ta ce na Maama ne.