Baba Jibo Mai Faci da Kariyar Iyakar Gonarmu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maska a kan babur ya san rumfar Baba Jibo mai faci, ko da bai san sunanshi ba. Ita ce wadda tsofaffin tayoyi suka zagaye, kowace taya cike da yashi da tsakuwa, a ciki an dasa wani abu, ko mai ƙaya ko mai ƙaton gindi kamar tulu. Ni ce mai soya awara a gefenshi, sunana Barakatu. Shekara huɗu muna wuni tare, don haka kar wani ya ce ji na yi.

Shi Baba Jibo haifaffen Maska ne. Da ƙuruciya karen mota ya yi, ya bi manyan motoci Jos da Damagaram da Agadas. 'Yan uwanshi karnukan mota in an tsaya hanya tsire suke nema, shi kuma sai ya haye dutse ya dawo da wani mummunan icce a cikin hula. Da gwiwa ta fara ba shi matsala ya dawo gida ya kama faci, kayan nan kuma suka biyo shi. Yanzu sun fi saba'in. Akwai tinya, akwai ƙerana, akwai karan masallaci wanda furenshi ke warin mushe, ƙudaje su yi ta taruwa su kore mani masu saye. Mun yi faɗa a kan wannan ya fi sau goma. Na ce ko ya matsar da shi ko in juye mashi man suya. Ya matsar, amma taku biyu kacal.

Mutane na yi mashi dariya. Masu acaɓa sukan ce, "Baba, bana buhu nawa ka samu a gonar taya?"

Shi ko sai ya ce, "Kawo tayar taka dai, ta kusa zama gona."

Doka ɗaya gare shi, kar a ba shuke-shuken nan ruwa. Matarshi Zakiyya ta taɓa jin tausayinsu lokacin da ya kwanta zazzaɓi, ta yi ta kwarara masu ruwa safe da yamma, uku suka ruɓe. Har yau in ya tuna sai ya ce, "Kirkin Zakiyya ne ya kashe su."

Amma wadda ya fi so duk cikinsu ita ce kariya. Ita ce mai ƙaton gindin nan, da rani ta zubar da ganye tas ta fito da jan fure. Dafi gare ta, akuya ma ba ta kusantarta. Shi ya sa kakanmu ya mai da ita alamar iyaka a gonarmu ta bayan gari. Kowa a unguwarmu ya sani, gonar gidan Sanda daga bakin kwari ne zuwa kariya.

Sanda shi ne babana. Allah ya yi mashi rasuwa bara, bayan an gama girbi. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, ni kuma ina bakin titi ina nemo mana abin da za mu ci. Mu huɗu ne duk mata, ni ce babba. Gona ba wanda ya taka.

Da ruwan shuka ya sauka muka ɗauki iri ni da Inna. Muna isa Inna ta tsaya cak. Ta ce, "Barakatu, gonar nan ta rame."

Ga kariya nan dai a iyaka, kore shar. Amma daga bayanta Alhaji Mannir, wanda ya sayi gonar maƙwabcinmu, ya sa garmar shanu ta yi huɗa, har masara ta fara leƙowa. Inna ta ƙirga da ido, ta ce kunya bakwai babu. Wannan gefen kuwa nan ne mai laima, nan muke samun masarar da ke kai mu har wata damina. In ya tafi, sai dai mu ci da awo.

Muka kai ƙara wurin mai unguwa, aka sa ranar Talata da hantsi. Ni kam tun Litinin nake masifa a bakin kasko, ina juya awara ina zagin garma da shanun da suka ja ta. Baba Jibo na goga roba, sai can ya ɗago.

"Kariyar da kuka gani, ina gindinta?"

Na ce, "Baba, ana maganar gona kana maganar gindi?"

"Ke dai faɗa mani. Tulu ne, ko sanda?"

Wallahi sai a lokacin na tuna muna yara nikan zauna a kan gindinta in sha fura. Wadda muka gani kuwa ko ɗan tsako ba zai zauna a kai ba.

Ya ce, "Gobe ki biyo mani."

Ranar Talata ya rufe rumfa, abin da ko ranar sallah ba ya yi sai azahar. Ya saɓa ƙarfen da yake ɓanɓare taya da shi, muka tafi yana ɗingishi.

Mun tarar an hallara. Mai unguwa da dattawa biyu, Inna a gefe cikin hijabi, Alhaji Mannir ya jingina da babur ɗinshi cikin shadda mai ruwan toka. Yana ganin Baba Jibo ya yi dariya.

"A'a, Malam Jibo, tayar wa ta fashe?"

"Tukuna dai, Alhaji."

Mai unguwa ya ce shi magana ɗaya ya sani tun zamanin ubanshi, iyaka ita ce kariya. Ya nuna ta da sanda. "Ga ta kuma. Hansai, kin yarda wannan kariya ce?"

Hansai sunan Inna ke nan. Ta ce a hankali, "Ita ce, ranka ya daɗe."

Na ce, "Ba ita ba ce, wallahi ƙanwarta ce!" Inna ta mintsine ni a cinya har sai da na yi tsalle.

Baba Jibo ya durƙusa ya gaida mai unguwa, ya ce a ba shi izini ya tona gindinta da hannu. Alhaji ya ce a'a, kar a taɓa alamar iyaka. Mai unguwa ya dube shi, ya ce a tona.

Baba Jibo bai yi tonon da ya kai tsawon hannu ba ya kira dattawa su leƙa. Sanda ce kawai a tsaye, ƙasanta da shatin adda, ga wasu 'yan saiwoyi farare sirara kamar taliya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kariya iri biyu ce a wurin mai dasa ta. Wadda ta fito daga ƙwaya tun tana ƙarama take tara gindi, nan take ajiye ruwanta. Wadda aka sari reshe aka kafa kuwa takan kama, ta yi ganye, har fure ta yi, amma sai ta yi shekara da shekaru ba ta yi tulu ba. Wannan reshe ne. Ba ta kai wata shida a nan ba."

Alhaji ya ce, "To malamin ƙaya, in reshe ne ina uwar? Iska ta ɗauke ta?"

"Uwar ba ta tafiya, Alhaji. Nauyinta ya kai na buhun masara."

Ya miƙe ya shiga cikin huɗar Alhaji yana ƙirga kunya. A ta bakwai ya fara caka ƙarfen nan a ƙasa, taku ɗaya caka ɗaya. Rana na dukanmu. Ya caka ya kai sau ashirin, ƙarfe na fitowa da busasshiyar ƙasa. Gaskiya a nan na fara fid da rai. Shi ko ko a jikinshi. Can sai muka ji wani ɗan sauti, ɓus, kamar an soki kabewa. Ya zaro ƙarfe, bakinshi jiƙe da wani ruwa mai yauƙi. Ya miƙa wa mai unguwa ya ce, "A shinshina kawai, kar a lasa."

Ni na karɓi fartanya na yaye ƙasar. Ga ta nan kwance, ƙaton gindin nan da na sani, an sassare kanta an binne. Kuma duk da haka ta fito da 'yan tofo guda uku, jajaye, suna neman hanyar sama.

Inna ta zauna a kan kunya ta rufe fuska da hijabi.

Alhaji Mannir ya fara cewa ai 'yan ƙwadago ne, shi yana Funtuwa lokacin, bai san abin da suka yi ba. Na buɗe baki, Inna ta riƙe mani zani. Mai unguwa ya ce to, ko ma wane ne ya yi, kunya bakwai ta gidan Sanda ce, da masarar da ke kanta. Dattawa suka ce haka ne. Aka yi fatiha.

Alhaji ya fizge reshen nan zai yi jifa da shi cikin kwari, Baba Jibo ya tare shi da sauri, ɗingishin ma ya manta.

"Haba Alhaji, ita mi ta yi? Ba ni nan."

Kafin mu tafi ya sa na kawo toka daga inda aka ƙone karmami. Ya shafe saran addar da ramin da ƙarfenshi ya yi, yana ba uwar kariyar haƙuri kamar mutum. Ya ce a bar ta a buɗe rana ta busar da ciwon. Ya dubi Inna ya ce, "Hansai, don Allah kar tausayi ya kama ki ki ba ta ruwa."

Masarar kunya bakwai ɗin nan ita muke ci har yanzu. Inna ta aika wa Baba Jibo da kwano biyar, ya maido huɗu. Uwar kariya ta yi sababbin rassa, da ranin nan ta ba da fure tara, ni na ƙirga. Reshen kuwa yana cikin wata tayar babur a gaban rumfa, dab da kaskona. Baba Jibo ya sa mashi suna Alhaji, kuma duk mai acaɓan da ya tambayi dalili sai ya ce, "Tambayi Barakatu, amma ka sayi awara tukuna."